Ɗorawar Goggo Tasalla

An sare ɗorawa biyar a Lambun Tuta suna ɗauke da 'ya'ya, kuma waɗanda suka sa a sare sun san suna da mai su. Mai su tana nan da ranta a unguwarmu, katanga ɗaya ce tsakanina da ita. Sunanta Tasalla, mu muna ce mata Goggo. Yanzu 'yan Kwamitin Ƙawata Gari suna bin mutane suna cewa wai an tambaye ta ta yarda. Ina tsaye a wurin aka yi tambayar. Ba ta yarda ba. Shiru ta yi, kuma shirun suka je nema, don sun san za su same shi tun kafin su taka ƙofar gidan.

Saura biyu, na bakin rijiya. Ba tausayi ne ya bar su ba, siminti ne ya yanke wa ɗan kwangila ya tafi Kano nema. Ranar da motarsa ta dawo su ma za su kwanta. Don haka ba ni da lokacin lallashi a rubutun nan.

Ga wanda bai san Kazaure ba, Lambun Tuta yana gindin dutse ne, a hannun hagu in ka nufi tasha. Kafin ya zama lambu gonar Hamma ce, mahaifin Goggo, wani Bafulatani da annoba ta cinye wa shanu ya zauna ya kama fartanya. Wasu daga cikin ɗorawar ya tarar da su ƙanana ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, wasu kuwa da hannunsa ya binne kalwarsu. Da ya rasu aka zo rabon gado, 'yan'uwanta maza suka ɗauki gona, ita ta ce a bar mata itatuwan su zama rabonta. A ƙasarmu wannan ba baƙon abu ba ne. Gona takan zama ta wani, kukar da ke tsakiyarta ta wani daban. A sayar da gonar, a sake sayarwa, itace yana nan a hannun mai shi, kuma duk wanda ya saya ya san da haka ya saya. Yaron da ke kiwon tumaki ma ya san wannan, balle Alhazan da ke zama a kwamiti.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, En'e, hukumar gari ta lokacin, ta nemi fili a bakin gari inda za a ɗaga sabuwar tuta, daga baya kuma ya zama wurin hutawar jama'a. 'Yan'uwan Goggo suka ba da gonar, aka musanya musu da wata a hanyar Roni. A gaban mai unguwa da dattawa aka faɗa da baki cewa ƙasa ta zama ta gari, ɗorawa kuwa ta Tasalla ce, ta shiga ta ɗiba duk lokacin da suka nuna. Ba a rubuta ba, don ba wanda ya ga dalilin rubuta abin da kowa ya sani. Ni lokacin ban daɗe da dawowa daga makarantar 'yan mata a Kano ba. Ina cikin matan da suka tsaya a inuwar babbar ɗorawar nan ta tsakiya muka ga tuta ta hau, 'yan makaranta suna rera waƙar da rabinsu ba su san ma'anarta ba. Daga nan wurin ya sami suna.

Lambun ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, kada in yi ƙarya. Sandar tuta ce a tsakiya, an zagaye gindinta da farin dutse. Bencuna ne na siminti da fursuna suka gina, sai rijiya mai zaƙin ruwa, sai layin darbejiya da 'yan mangwaro da aka dasa daga baya. Ba shi da ƙofa, don ba shi da katanga. Amma duk garin nan ba inda ake samun inuwa irin tasa, kuma inuwar ta ɗorawa ce. A ƙarƙashinta aka yi ajin yaƙi da jahilci. A jikinta aka kafa akwatin rediyo, wanda lokacin yaƙin basasa iyayen sojoji suke kewayewa da la'asar, kowa ya kasa kunne ko za a ambaci inda nasa yake. Matan Fulani masu kawo nono daga Gwiwa nan suke sauke ƙorai su wanke ƙafa kafin su shiga kasuwa. Mutanen Babura da mota ta bari nan suke jiran ta gobe. Wanzamai, masu dara, tsofaffin da gida ya ishe su, kowa da gindin da ya saba.

Goggo kuwa daddawa ce sana'arta, da ita ta riƙe gida tun da mijinta ya rasu. In sanyi ya fara ja da baya ɗorawa ta yi jajayen furannin nan masu kama da ƙwallo, sai ka ga ta ɗaure wa kowane gindi ƙaya don kada yara su hau. In 'ya'ya suka bushe da bazara, ta zo da maƙata, doguwar sandar nan mai ƙugiya, ita da 'yarta Rahamatu su yi ta sauke su. Garin ciki a yi kunu ko a sayar wa yara. Ɓawon a jiƙa a yi makubar daɓen ɗaki. Kalwar, wato ƙwayar, ita ce jarin. Ta dafa ta ta yi laushi, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a kwando da ganye har ta yi warin da in iska ta juyo sai na rufe tagar ɗakina. Na sha yi mata ƙorafi ta kan katanga. Amsarta ɗaya ce kullum: “Shatu, in miyarki ta daina nemana sai hancinki ya huta.”

Ba waliyiya ba ce. Yaron da ta kama yana jifan ɗanyun 'ya'ya ba ya mantawa da ita, kuma in uwarsa ta zo faɗa ita ma ta sami rabonta. Bakinta kuwa duk kasuwa an san shi. Mutum ɗaya ne yake iya tsayawa da ita, Baba Zarami mai kanwa, wani tsohon Babarbare da yake shimfiɗa buhunsa a bakin rijiyar lambu. Kun san wasan Fulani da Barebari, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne. Nasu ya wuce wasa ya zama kamar abincin safe.

“Ga baiwata ta iso,” in ji shi, tun tana nesa. “Tun daga kwanar tasha hancina ya ba ni labari.”

“Hancin da ya tashi cikin bandar kifi ne zai yi wa daddawa gori? Tashi ka ɗauko mini maƙata, bawan gado.”

“Mu da muka sayi kakanki da ƙwaryar kanwa, aka ƙara mana da akuya.”

“Kanwar da shanunmu suke lasa? Ashe da abincin dabbobinmu kake ciyar da iyali. Allah sarki, Zarami.”

Haka za su yi ta yi har masu dara su manta da wanda zai ɗaga.

Shekarar farin nan da aka yi, da mutane suka yi ta gangarowa daga arewa, wasu daga Nijar, ba dabba ba hatsi, Lambun Tuta ne ya zama masaukinsu. A shekarar Goggo ta kwance ƙayar da kanta. Ta ce su sauke su ci garin, ita dai su tara mata kalwa. Ta faɗe shi da faɗa, kamar mai ba da umarni ga 'yan ƙodago, har da zagin wata mata da ta karya reshe. Amma yaran da suka kwana da garin ɗorawa a ciki a bazarar nan suna da yawa. Ba na jin a cikin 'yan kwamiti akwai wanda ya leƙa lambun a lokacin.

To, matar nan mai wannan bakin, akwai mutum ɗaya a duniya da in ya shigo wuri harshenta yake mutuwa. Shi ne Halliru, ɗanta na fari.

A gidajen Fulani irin nasu, uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta kallon fuskarsa in da mutane. Wasu suna sassautawa in shekaru sun ja. Goggo ba ta sassauta ba. Ana yaye shi aka kai shi Roni wurin kakarsa, can ya girma, can ya shiga makaranta. Har yau “mutumin Roni” take ce masa. Shi kuma Adda yake kiranta, yadda ya ji ƙannenta suna faɗa, kamar yayarsa ce. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ta amsa da “lafiya” tana kallon bango, sai ta ɗaga murya ta ce, “Rahamatu, ce wa mutumin Roni akwai tuwo a rufe.” Ranar da aka ɗauke shi aikin malamin daji ta yanka zakara, da na yi mata barka ta ce zakaran ne ya dame ta da cara.

Ni ban ce wannan kunya daidai ce ba. Nawa ɗan farin sunansa nake kira gatsal, in ja masa kunne in ya yi ba daidai ba, an kuwa yi gulmata a unguwa an ce boko ya cire mini kunya. Amma abin su ne, uwa da ɗa, sun san yadda suke zaune da shi, ba su taɓa cutar da kowa da shi ba.

Sai kuɗin mai ya shigo ƙasa. Kowa ya ga yadda abin ya zama. Wanda jiya yake kan keke yau yana da mota, duk inda ka juya ana zuba siminti, ko ana bukata ko ba a bukata. Aka kafa Kwamitin Ƙawata Gari, suka zagaya suka ga ba abin da ya tsone musu ido sai Lambun Tuta. Wai ya yi kama da ƙauye. Za a kewaye shi da katanga a sa ƙofar ƙarfe, a yi famfo mai feshin ruwa sama, a sa fitilu, a yi filin ajiye motoci da 'yan shagunan sayar da lemo. Ɗorawa ba ta cikin zanen.

Da farko masinja suka aika mata. Bai gama sallama ba ya koma. Sai sakataren kwamiti ya same ta a lambun da kansa, yaro mai hankali a fuska, da takardar zanensa a naɗe a hammata.

“Iya, ci gaba za a kawo. Ruwa zai riƙa tashi sama yana saukowa, dare da rana, kamar yadda ake yi a manyan birane.”

“Ruwan daga ina?”

“Za a jawo.”

“Famfon unguwarmu tun Sallar bara yake tari. Ku fara ba shi magani.”

“Iya, itatuwan nan sun tsufa. Ga zubar da ganye, ga jemagu suna ɓata wuri. In baƙi suka ajiye motoci…”

“Jemagun sun riga baƙinka zuwa garin nan. Kai ɗan gidan wa ne ma? To je ka tambayi uwarka da me take kaɗa miya. In ta ce da lemo, ka dawo ka sare.”

Baba Zarami ya yi dariya har ya ƙware. Sakatare ya naɗe zanensa ya tafi. Wato sau biyu ke nan kwamiti ya ji amsarta, na biyun ma a gaban jama'a. Ina so a riƙe wannan.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni barci. A cikin kwamitin akwai wani ɗan unguwarmu, wanda ya ci miyar daddawarta tun yana rarrafe, ya san gidan ciki da waje. Shi ya ce musu suna wahalar da kansu a banza. Tun da sare itace hurumin malamin daji ne, a tafi da malamin daji ya yi tambayar da bakinsa.

Da hantsi suka zo. Na shiga gidan aron rariya, Goggo tana surfen kalwa, muka ji sallama a zaure. Rahamatu ta leƙa ta dawo ta ce 'yan kwamiti ne, har da shugabansu. Goggo ta jingine taɓarya ta goge hannu a zane. “Madalla,” in ji ta. “Bari in je in ƙarasa musu abin da na fara.” Na bi ta, don ba na so a ba ni labari.

Tana sa ƙafa a zauren ta ga Halliru. Yana tsaye a bayan shugaban kwamiti, cikin kakinsa na aiki, hula a hannu. Na ga matar nan ta tsaya cak, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wa mutanen baya ta zauna a ƙasa tana fuskantar bango.

Shugaban kwamiti ya gyara babbar riga ya ce, “To, Malam Halliru, bisimilla. Aikinka ne.”

Halliru ya durƙusa. “Adda, ina kwana.”

“Lafiya.”

“Adda, maganar itatuwan lambu ce. Kwamiti yana neman izininki a cire su. In kina da magana ki faɗa.”

Shiru. Ana jin kaji suna tonon dusar kalwa a tsakar gida.

Ya sake cewa, “Adda, ki faɗi abin da ke ranki. Ni ne.”

Ba ta motsa ba. Yatsanta kawai nake gani yana ƙwaƙular daɓe.

Rahamatu ta ce daga bakin ƙofa, “Ba ta yarda ba, Alhaji.”

“Ke kina da itace a lambun ne?” in ji shugaban kwamiti.

Na ce, “Alhaji, ka san ba za ta yi magana a gabansa ba. Kowa a nan ya sani. A ce ya fita waje, ka sake tambaya.”

Ya dube ni yana murmushi. “Malama Shatu, mu ba mu zo raba uwa da ɗa ba. Mai itace muka zo ji, ga ta a zaune, ga mai hurumin tambaya ya tambaya har sau biyu.” Ya juya wurin abokan tafiyarsa. “Kun dai ji ba ta ce a'a ba. Alhamdulillahi. A yi fatiha.”

Suka ɗaga hannu suka yi fatiha. A kan wannan. Suka shafa, suka yi mata godiya, ɗan unguwarmu har da cewa Allah Ya saka wa Goggo da alheri, suka fita. Halliru ne ya fita ƙarshe. Ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi.

Ba a yi mako ba zarto mai inji ya iso. Ba su ma jira 'ya'yan sun bushe ba, ga su nan kore shar, ba su yi gari ba balle kalwa. Itacen da ya riga kowa a kwamitin zuwa duniya, kafin a sha ruwa an kwantar da shi. Aka cire akwatin rediyo aka jingine a jikin benci. Masu dara suka kwashe 'ya'yan dararsu suka koma gefen titi cikin rana. Gumaguman kuwa ba a bar su sun kwana ba, motar ɗan kwangila ta kwashe, an ce masu sassaƙa turmi sun riga sun yi ciniki. Ba wanda ya ce wa mai su ga reshe ɗaya ki hura wuta.

Goggo ta je da la'asar, ni da Rahamatu muna biye da ita. Ta bi kututturan ɗaya bayan ɗaya, ta kwance ƙayar da ta ɗaura musu, wadda ta rage a jiki, ta tara wuri guda. Baba Zarami yana zaune a kan buhunsa. Ta wuce ta gabansa ta dawo, bai tsokane ta ba. Sai ita ta ce, “Yau bawa ba ya gaida uwar gijiyarsa?”

Ya ce, “Sannu, Tasalla.”

Tunda nake ban taɓa jin ya kira sunanta ba sai ranar.

Ni ba mai haɗiye magana ba ce. Washegari na tare Halliru a hanyar ofishinsu, yana tura kekensa. Na girme shi, a gabana aka kai shi Roni, don haka ban tsaya zaɓen kalma ba.

Na ce, “Halliru, da kalwar itatuwan nan aka ɗinka maka rigar makaranta. Ba ka ji kunya ba?”

Ya jingine keken. “Yaya Shatu, sun ce in ban je ba akwai wanda zai je a madadina, kuma kujerar ma akwai mai so.”

“Sai ka zaɓi kujera.”

“Ba haka ba ne.” Ya murza hularsa. “Na ɗauka za ta yi magana. Wallahi na ɗauka. Na ce a raina, a kan komai za ta yi shiru amma ban da ɗorawa. Na ji yadda ta yi wa sakatare. Na ce to, yau za ta juyo ta wanke ni tas a gabansu, su ji da kunnensu, magana ta mutu.” Ya ɗago ido. “Ko zagin ne ma, Yaya, ina so. Kowa a garin nan ta zage shi ban da ni.”

Na zo da faɗa cike da baki, na rasa inda zan ajiye shi. Mutum mai mata da 'ya'ya, ga furfura ta fara fito masa, yana tsaye a titi yana gaya mini abin da yake nema ke nan a wurin uwarsa. Kuskure ya yi, babba kuwa, kuma na faɗa masa. Amma ba shi ya ƙulla abin ba. Waɗanda suka ƙulla sun fi shi sanin uwarsa.

Da na koma gida na shiga wurin Goggo. Na tarar tana jujjuya sauran kalwar bara a kan tabarma. Ita ma ban raga mata ba.

“Goggo, kalma ɗaya ce fa. A'a. Kin faɗa wa masinja, kin faɗa wa sakatare. Me ya hana ki faɗa a zaure?”

“Ke 'yar boko ce, ba za ki gane ba.”

“Gwada ni.”

Ta ci gaba da jujjuya kalwa. Can ta ce, “Iyayen gidansa ne a tsaye. Su suka sa shi. In buɗe baki in mayar masa da magana a gabansu, gobe da wane ido zai shiga ofis? Kuma tun da na haife shi ban taɓa ce masa komai a gaban maza ba. Ranar da zan fara, sai in fara da a'a?”

“To ga shi kin rasa biyar.”

“Na sani. Ni na ƙirga su kafin ke.” Ta kakkaɓe hannu. “An ce kin tare mutumin Roni a hanya.”

“Na tare shi.”

“Na ga ya rame. Matar nan tasa tana dafa masa abinci kuwa?”

Na ce mata ban sani ba, ni ba wannan ya kai ni ba. Na tambaye ta ƙarara, biyun da suka rage, ta yarda a sare ko ba ta yarda ba. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko wuta tana da zafi.

“Ban yarda ba. Na farkon ma ban yarda ba. Ki gaya wa duk wanda ya tambaye ki.”

Ba wanda ya tambaye ni, shi ya sa na rubuta.

Da biyun nan za ta iya ci gaba da sana'arta, ko da a ƙuntace. In suka tafi, sai dai ta sayi kalwa a kasuwar Babura kamar wadda ubanta bai bar mata komai ba, kuma a shekarunta ba za ta iya hawa motar nan duk mako ba. Na kuma sami labari cewa an riga an gaya wa Halliru shi zai tsaya a kan saran na bakin rijiya, don kada tsohuwa ta zo ta yi rigima. Wato dabarar da ta yi aiki sau ɗaya za a sake. Za a kafa ɗa a gindin itace a matsayin ƙaya, don an san uwar ba za ta iya matsowa ba.

Ku 'yan Kwamitin Ƙawata Gari, da ku nake. Ba ni da ja da famfonku, ku yi shi, in ruwa ya zo mu ma za mu zo kallo. Filin da kuka share ya ishe ku ajiye motocin da babu su ma tukuna. Ɗorawa biyun nan na bakin rijiya ku bar su a tsaye, kuma in kun yi katangarku ku bar wa mai su hanyar shiga. Ku daina cewa ta yarda, ku fito ku faɗa wa mutanen da kuka gaya wa haka cewa ba gaskiya ba ne. Ku cire hannun Halliru daga maganar nan gaba ɗaya. In kuma har yanzu kuna da'awar ba ku san ra'ayinta ba, shugabanku ya zo da kansa, da rana, a lambun, a gaban dattawan da suka shaida rabon farko, waɗanda wasunsu suna nan da rai. Ya bar ɗanta a ofis. Ya tambaye ta da bakinsa, ya kuma tsaya a wurin har ta gama ba shi amsa.